A Ba Ta Biyu Ƙwallo Tun Kafin Ta Ɗaya Ta Gaji

A daren 6 ga Yunin 2025, a birnin Oklahoma City na Amurka, Jami'ar Texas da Jami'ar Texas Tech suka buga wasan ƙarshe na gasar sofbol ta matan jami'o'i. Mai jifar Texas Tech, NiJaree Canady, ita ce wadda sunanta ya cika bakin masu bin wasan a shekarar. Ta baro Stanford a kan yarjejeniyar da ta haura dala miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa ba wata 'yar sofbol a jami'a ba, kuma Texas Tech ba ta yi asara ba. Makarantar da ba ta taɓa leƙa wannan gasa ba, Canady ta kai ta har wasan ƙarshe, ta kayar da Oklahoma wadda ta riƙe kofin shekara huɗu a jere. Tun da suka sauka a birnin, babu jifa ko ɗaya da wani hannu ya yi wa Texas Tech in ba nata ba. A dare na uku a jere da ta tsaya gaban masu bugun Texas, suka ci ta maki biyar a zubin farko, aka cire ta, wasa ya tashi 10 da 4.

Kocin Texas, Mike White, wanda shi kansa tsohon mai jifa ne ɗan asalin New Zealand, yana da tasa gwanar, Teagan Kavan. Ita ta ci masa wasan farko cikin ukun da suka buga. A wasa na biyu sai ya fara da wata, ya yi ta sauya hannu, bai sa Kavan ba sai can kusa da ƙarshe. Ya sha kashi a daren, mutane suka yi ta surutu. Washegari Kavan ta fito da sauran ƙarfinta, ta jefa wasan daga farko har ƙarshe, Texas ta ɗauki kofinta na farko a tarihi.

Ba laifin Canady nake gani ba, ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne al'adar da ta haifar da wannan dare, al'adar da nake gani da idona a filayen yara 'yan shekara goma sha biyu a garin da nake zaune a Amurka, inda 'yata take wasa. Ita ba mai jifa ba ce, mai cafe ce, wadda take tsugunnawa bayan mai bugu da safar hannu da ƙarfen kare fuska. Saboda haka ba ni da 'yar da nake nema wa lokaci a da'irar jifa. Abin da nake da shi kawai shi ne kujerar da nake kallo daga kanta, da kuma labarin da mai cafe take ba ni a mota in za mu koma gida.

Ga wanda bai san wasan ba, sofbol ƙanwar besbol ce, an ƙirƙiro ta a Shikago a 1887, kuma a yau mata ne suka fi rinjaye a cikinta. Ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, su riƙa sauya wuri har zubi bakwai. Mai jifa tana tsaye a cikin da'ira, tazarar mita 13 da ɗoriya daga mai bugu a wasan manya. Takan wulwula hannunta zagaye guda cikakke, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai ƙugu. Karlyn Pickens ta Tennessee ta jefa ƙwallo a gudun da ya kusa kilomita 128 a awa a 2025, kuma a wannan tazara mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa na yanke shawara. Shi ya sa mai jifa ɗaya gwana takan iya rufe bakin ƙungiya sukutum, har sauran 'yan tsaro takwas su wuni ƙwallo bai zo musu ba. Daga nan matsalar take farawa, domin kocin da ya samu irin wannan hannu da wuya ya so sakinsa.

Kowace ƙungiya tana jera masu jifarta, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kuma ban ga aibun hakan ba. Masu cewa a daina jeri saboda kada ran yara ya ɓaci suna yaudarar kansu ne, don yaran sun riga kowa sanin wadda ta fi. Inda nake da magana shi ne a kan me aka gina jerin, da kuma ko yana motsi. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne matsakaicin makin da aka ci mai jifa a zubi bakwai, ban da waɗanda kuskuren 'yan tsaro ya jawo. Sai adadin masu bugun da ta fitar da jifa uku, da adadin waɗanda ta bari suka wuce tashar farko kyauta saboda jifa huɗu da suka kauce. Alƙaluman nan suna da amfani, amma suna ɓoye abu babba, wato wa aka sa ta fuskanta. Ta ɗaya ana ba ta manyan wasanni da cikakkun 'yan tsaro a bayanta. Ta biyu ana sa ta ne a wasan da aka riga aka ci ko aka riga aka rasa, a lokacin da koci ya cire gwanayen tsaro ya zuba 'yan benci. Ƙwallon da ya kamata a cafe sai ya faɗi, mai rubuta sakamako, wanda a wasan yara galibi uban wata ne daga cikinsu, ya rubuta shi a kan mai jifa. A ƙarshen wata a ɗauko takarda a ce ga hujja.

Akwai kuma na'urar auna gudu, wadda ta zama alƙali a idon iyaye da yawa. Za ka ga uba a bayan raga yana nuna ta, yana faɗin lamba da ƙarfi don kowa ya ji. Amma a ƙungiyar yara, wadda take saka ƙwallo inda mai cafe ta buɗe safar hannu, take kuma iya rage gudu ba tare da jikinta ya tona mata asiri ba, ta fi mai gudun da ke ba da tasha kyauta sau shida a wasa. Koci nagari ya san wannan. Sai dai gudu kowa yana ganinsa, daidaito kuwa sai wanda ya zauna ya ƙirga. In aka haɗa da abin da iyayen Amurka suke gunaguni a kai kullum, na cewa 'yar koci ce take zama ta ɗaya a ƙungiyoyi da dama, sai ka tarar jerin da aka yi a makon farko na kaka shi ne na makon ƙarshe, komai ya faru a tsakani.

Hujjar da ake kafawa da ita wajen ɗora wa hannu ɗaya duk aikin ita ce wai jifa daga ƙasa ɗabi'ar hannu ce, ba ta cutarwa. A besbol ta ƙwararru, wanda ya fara wasa yakan huta kwana huɗu kafin ya sake farawa, kuma da ya kusa jifa ɗari koci ya fara kallon benci. A sofbol kuwa yarinya takan jefa wasa biyu ko uku a rana, ta dawo washegari. Gaskiya ne irin raunin gwiwar hannu da ya addabi masu jifar besbol bai yi yawa haka a sofbol ba, amma wannan bai wanke jifar ba. Binciken da Sherry Werner da abokan aikinta suka yi a kan masu jifar gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996 ya nuna cewa ƙarfin da ke fizgar kafaɗa a lokacin sakin ƙwallo ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin jikin mai jifar, a kowace jifa. Likitocin wasanni sun daɗe suna ganin ciwon gaban kafaɗa da na jijiyar damtse da na ƙugu da gwiwa a wurin waɗannan 'yan mata, kuma mafi yawansa na yawan aiki ne, yana taruwa a hankali. Gajiya ba daga hannu take farawa ba, daga ƙafafu take farawa. Da ƙafar da ke tunkuɗa jiki ta yi sanyi, sai kafaɗa ta ɗauki aikin da ba nata ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. A 2007 Taryne Mowatt ta Arizona ta jefa wasa takwas a wannan gasa ta Oklahoma City, zubi 60, jifa sama da dubu ɗaya, ita kaɗai, ta kayar da Tennessee mai Monica Abbott, ta ɗauki kofi. A Beijin a 2008 Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 a wasa uku cikin kwana biyu, ta ƙwace zinare daga hannun Amurka da ci 3 da 1. Babu mai son wasan nan da zai ji labaran nan biyu tsigar jikinsa ba ta tashi ba, har da ni. Amma labarin wadda ta jure muke ji. Wadda kafaɗarta ta mutu tana 'yar shekara goma sha shida babu gidan talabijin da ya ɗauke ta, ta ajiye safar hannu ne kawai a daina ganinta. Sannan wasan ma ya sauya. Yau kowace jifa ana ɗaukarta a bidiyo, ana auna juyinta, masu bugu su kwana suna kallon yadda hannun mai jifa yake karkata kafin ƙwallo ya tashi sama ko ya nutse. Masu bugu tara ne a jeri, kuma in suka zo gabanta karo na uku a wasa ɗaya, ballantana a dare na uku, sun gama karanta ta.

Japan ɗin ma ba ta maimaita abin da ta yi a Beijin ba. A gasar Tokyo da aka buga a 2021, Ueno tana da shekara 39, kuma an tanadar mata mataimakiya 'yar shekara 20, Miu Goto, mai jifa da hagu, wadda aka riƙa sakawa a wuraren da wasa ya yi zafi tun daga wasannin farko. A wasan ƙarshe a Yokohama, Goto ta karɓi Ueno a zubi na shida, ta fitar da su daga matsi, Ueno ta dawo ta rufe zubi na bakwai, Japan ta ci Amurka 2 da nema. Dokar sofbol ta yarda wadda ta fara wasa ta fita ta sake dawowa sau ɗaya, kuma wannan dama ce da kocin besbol na ƙwararru ba shi da ita. Abin takaici, kocin yara da yawa ba sa amfani da ita sai ruwa ya kai musu wuya.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Patty Gasso a Oklahoma. A 2023 ƙungiyarta ta ci wasa 61, ta rasa ɗaya tak. Tana da Jordy Bahl, wadda kowace jami'a za ta so ta ɗora wa komai, amma Gasso ta raba aikin kaka tsakaninta da Nicole May da Alex Storako, har da sabuwar shiga Kierston Deal ta samu rabonta. Bahl ta iso watan Yuni da ƙarfinta, aka zaɓe ta gwarzuwar gasa. Da kakar ta ƙare, Bahl ta koma Nebraska, Oklahoma ba ta rushe ba. A wasan da ta ɗauki kofi na huɗu a jere a 2024, masu jifa biyar Gasso ta sa, Kelly Maxwell ta rufe. Za a ce Oklahoma ce, tana da kuɗi da suna, duk gwanar da take so tana samu. Haka ne. Amma samun gwanaye huɗu daban, ba su ƙwallo a wasan da ake tsoron rasawa daban, kuma na biyun ne ya fi wuya. Texas Tech ma da kakar 2025 ta ƙare, cikin abubuwan da ta fara yi har da ɗauko wata mai jifa, Kaitlyn Terry, daga UCLA.

Can a jami'a aƙalla manya ne, akwai likitoci da masu tausa da ɗakin ƙanƙara. A filin yara babu ko ɗaya. Gasar ƙarshen mako takan fara ranar Asabar da wasannin rukuni, ranar Lahadi kuma a shiga na sili-ɗaya-ƙwale, wanda ƙungiyar da take ci za ta yi ta buga wasa bayan wasa daga safe har la'asar. Tsarin da kusan kowane koci yake bi shi ne ya ba ta biyu da ta uku ɗan abin da ya samu ranar Asabar, Lahadi kuwa ta ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Wata Lahadi mai zafi, ƙungiyar 'yata ta kai wasa na uku a ranar, kuma yarinya ɗaya ce take jifa tun safe. A tsakanin zubi 'yata ta zo bakin raga karɓar ruwa, ta ɗaga ƙarfen fuskarta, ta ce da ni da Hausa don kada a ji, "Baba, ƙwallonta ya daina tashi. Da safe tafin hannuna zafi yake yi, yanzu ko ji ba na yi." Na duba da'ira. Yarinyar tana girgiza hannun dama bayan kowace jifa, tana matsa gaban kafaɗarta da babban yatsa, takunta ya gajarta har ramin da ƙafarta ta haƙa da safe ya fi inda take sauka yanzu nisa. Koci ya taka ya same ta, ya tambaye ta ko lafiya, ta gyaɗa kai, ya dawo. Wace 'yar shekara goma sha biyu ce za ta ce ta gaji, alhali ƙawayenta goma suna kallonta, mahaifinta kuma yana bayan raga? A bakin benci mai jifa ta biyu tana zaune a kan bokitin ƙwallaye, safar hannunta a cinya, tun safe ba a ce mata ko ta ɗumama hannu ba. Da aka ci su maki huɗu, tashoshi uku duk da mutum a kai, sai aka kira ta. Jifa biyar aka ba ta na shiri. Ta ba da tasha kyauta sau biyu, aka buga mata ɗaya mai nisa, wasa ya ƙare. A wurin ajiye motoci na ji wani uba yana cewa ai ga dalilin da ya sa ba a sa ta.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta juya gaskiya ne. Ɗan koyon ɗinkin da shekara guda maɓalli kawai ake ba shi ya ɗinka, in aka miƙa masa babbar riga a daren sallah ya ɓata ta, laifin maigidansa ne. Mai jifa ba ta koyon tsayawa a matsi a bayan gida tana jifan raga, ko a wurin malamin da iyayenta suke biya kuɗin awa. Sai ta tsaya a da'ira wasa yana kunnen doki, zuciyarta tana bugawa, ta yi kuskure, a bar ta ta fita daga ramin da kanta, mako mai zuwa a sake ba ta. In ba a yi haka tun farkon kaka ba, ranar da ake bukatarta ba za a same ta ba. Kuma yara ba sa girma tare. Wadda ta fi kowa gudu a shekara goma sha ɗaya sau da yawa wadda ta riga sauran tsawo ce kawai. In aka ƙara tazarar jifa daga ƙafa 40 zuwa 43 a rukunin 'yan goma sha huɗu, jerin yakan birkice, amma kafin nan ta uku ta riga ta gaji da zaman bokiti ta koma wasan raga.

Ba ina kiran a raba zubi daidai wa daida ba. Na ga ƙungiyar da ta gwada hakan, kowa zubi biyu ko da me, kuma abin da ya biyo baya shi ne yarinyar da take tashi da asuba tana atisaye ta ga babu bambanci tsakaninta da wadda ba ta taɓa ƙwallo daga Lahadi zuwa Asabar ba. Wannan ma zalunci ne, kuma sauran 'yan wasa da suke son ci suna da haƙƙi. Ta ɗaya ta samu kaso mafi tsoka, ta fara wasan da ya fi wuya. Amma koci ya zaunar da masu jifa da iyayensu tun farkon kaka ya faɗa musu abin da yake aunawa: yawan jifar farko da ta shiga daidai, yawan tasha kyauta, yadda yarinya take yi in akwai mai gudu a tasha ta uku, da zuwa atisaye. Ya sa mutumin da ba shi da 'ya a da'ira ya riƙe littafin. Ya sake duba jerin duk bayan 'yan makonni, ya kuma yarda ya sauya shi ko da 'yarsa ce za ta sauka. Ranar Lahadi, ta biyu ta san tun daren Asabar cewa wasa kaza nata ne, ko zubi uku na farko nata ne, ta kwana da shirinsa. Sau da yawa ma haɗin biyun ya fi kowaccensu ita kaɗai, domin masu bugun da suka saba da mai gudu sukan rikice in aka kawo musu mai sanyin jifa da ke nutsewa.

Sai dai na daina sa ran kocin da kofi yake gabansa zai hana kansa da kansa. Yawancinsu mutanen kirki ne, 'yan sa-kai, suna ba da ƙarshen makonsu kyauta, amma iyaye sun biya kuɗi masu yawa, suna son ganin nasara, kuma gwanar in ba a ba ta duk abin da mahaifinta yake so ba, wata ƙungiya tana jiranta. Dole doka ta shigo. Hukumar Little League ta sa wa yara masu besbol iyakar jifa tun 2007, ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba ya wuce jifa 85 a rana, kuma akwai kwanakin hutu na tilas gwargwadon abin da ya jefa. A ɓangaren sofbol na hukumar ɗaya, zubi ake ƙirgawa ba jifa ba, kuma an yarda yarinya mai waɗannan shekarun ta yi har zubi goma sha biyu a rana guda. A gasar jami'o'i babu iyaka sam, haka ma a yawancin gasannin ƙarshen mako inda yara suka fi shan wahala. Masu shirya waɗannan gasanni suna da alƙali a kowane fili da mai riƙe agogo, don haka ƙara mai ƙirga jifa ba zai gagare su ba. Likitocin wasanni su zauna da su a tsayar da adadin da ya dace da jifar ƙasa a kowane rukunin shekaru, na rana da na ƙarshen mako gaba ɗaya, a rubuta shi a takardar shiga gasa, ƙungiyar da ta ƙetare a ƙwace mata wasan.